Kundin Ajin 1990: Yaya Za Mu Yi da 'Yan'uwanmu da Ba Su Aiko da Labarinsu Ba?

Sakataren Aji ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa maza da mata, barkanmu da warhaka.

Kamar yadda kwamitin shirye-shirye ya sanar, taron cikarmu shekara 35 da kammala digiri a Sashen Nazarin Tattalin Arziki na Jami'ar Ahmadu Bello zai kasance ranar Asabar ta biyu a watan Disamba, idan Allah ya kai mu. An tsara za mu haɗu da hantsi a harabar Samaru, mu zagaya tsohuwar tsangayarmu ta FASS da ɗakin karatu na Kashim Ibrahim, mu gaida malamanmu da suka rage a gari, sannan bayan sallar azahar mu wuce harabar jami'ar da ke Kongo domin zaman tattaunawa da cin abinci. Masu tahowa daga Abuja ta jirgin ƙasa su sanar da mu da wuri, domin a tanadi motar da za ta ɗebe su daga tashar Rigasa ranar Juma'a da rana, tun da yake tsakanin Kaduna da Zariya akwai kimanin kilomita 80, kuma ba mu so kowa ya yi tafiyar dare.

Ga ɗan abin da ya iso hannuna na labaran 'yan aji. Mafi yawan takardun da aka cike aka maido mini labari guda suke ɗauke da shi, wato ritaya. Galibinmu haihuwar tsakiyar shekarun 1960 ne, mun yi hidimar ƙasa tsakanin 1990 da 1991, saboda haka ƙa'idar aikin gwamnati ta shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga zuwa, ta fara ɗaukarmu ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda suka tsaya a jami'a ne suke da sauran numfashi, musamman waɗanda suka kai matakin farfesa, da doka ta ba su har shekara 70, sai kuma malaman sakandare a wuraren da aka fara aiki da dokar 2022 wadda ta kai su shekara 65. Akwai wanda aka yi wa naɗin sarauta a garinsu, akwai wadda ta dawo gida bayan ta daɗe tana aiki a ƙasar waje, katunan ɗaurin auren 'ya'ya da na sunan jikoki kuwa sun fi ƙarfin in jera su a nan. Haka kuma mun yi rashin wasu daga cikinmu tun haɗuwarmu ta ƙarshe. Allah ya jiƙansu, ya ba iyalansu haƙuri. Sunayensu za su zo a shafin farko na kundin da muke shirin bugawa.

Wannan kundi shi ne dalilin rubutuna. Wata uku ke nan da na raba fom ɗin da kowa zai cike, amma har yau kusan rabin waɗanda muke da lambarsu ba su maido ba, kuma da na duba sunayen da kyau sai na lura cewa ba kasala ba ce kaɗai. Waɗanda suka yi saurin aikowa, har da hoto cikin babbar riga, yawancinsu masu muƙami ne ko waɗanda suka sauka daga muƙami kwanan nan. Waɗanda suka yi shiru kuwa su ne waɗanda rayuwa ta bi da su ta wata hanya.

A makon jiya na je Funtuwa ɗaurin aure, sai na ce bari in nemi wani ɗan ajinmu da na kira har sau uku bai ɗaga ba. Ba zan ambaci sunansa ba, amma duk wanda ya taɓa aron littafinsa ana gobe jarrabawar lissafi ya san cewa rabin ajin nan da rubutun hannunsa muka haye. Ya yi aikin banki shekara goma sha huɗu, har zuwa lokacin da Babban Banki a ƙarƙashin Charles Soludo ya ɗaga jarin bankuna daga naira biliyan 2 zuwa biliyan 25, bankuna 89 suka koma 25 a ƙarshen 2005, aikinsa ya tafi tare da na mutane da dama. Na same shi a shagonsa yana auna wa wani manomi taki a tiya. Ya yi murna da ganina ƙwarai, ya aika aka damo mini fura, muka yi hira ta fi awa biyu. Da na zaro fom ɗin na miƙa masa, ya sa tabarau ya karanta daga sama har ƙasa, ya ɗora yatsa a kan layi na huɗu, inda muka rubuta "Muƙami na yanzu ko na ƙarshe", ya ce da ni, "Sakatare, a nan me kake so in sa, mai taki?" Ya yi dariya, ni ma na yi, amma sai ya ninke takardar gida huɗu ya danne ta da dutsen sikeli, kuma har na yi masa sallama bai sake bi ta kanta ba.

Saboda haka ina neman shawararku kafin mu kai aiki wurin masu ɗab'i. Shin mu buga kundin da abin da muka samu, waɗanda ba su aiko ba mu sa sunansu kawai babu bayani? Ko mu cire layin muƙami gaba ɗaya mu sake raba fom ɗin, ko da hakan zai ɓata wa waɗanda suka riga suka cike rai? Ko kuwa akwai wata hanya da ban hango ba?

'Yar Amina Hall (ɗakin kwanan ɗalibai mata) ta amsa:

Wa alaikumus salam, Malam Sakatare, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. Sai dai zan fara da gyara kafin shawara. Ka ce ba za ka ambaci suna ba, amma ka faɗi gari, ka faɗi sana'a, ka faɗi tsohon aiki, har ka tuna mana da littafin lissafi, wanda hakan bai bar kowa a duhu ba. Ina fata ka nemi izininsa kafin ka rubuta, idan kuwa ba ka nema ba, to ka kira shi yau ka ba shi haƙuri.

Game da layi na huɗu, ni ma ban cike shi ba, kuma idan ka duba takardata za ka ga na bar wurin fari fat. Na yi shekara goma sha ɗaya a ma'aikatar kuɗi ta jiharmu, na ajiye aiki da aka yi wa maigidana canjin wurin aiki zuwa kudu, na riƙe gida har yara shida suka kammala jami'a, yanzu kuma ina da 'yar makarantar firamare a unguwarmu. Da na iso layin sai na rasa abin da zan sa, domin muƙamina na ƙarshe a gwamnati ya girmi wasu daga cikin 'ya'yanmu da ake aurarwa, wanda nake riƙe da shi yanzu kuwa ni na naɗa kaina. Mu mata ba mu da yawa a ajin nan tun asali, kuma na san aƙalla uku da suka ga fom ɗin suka ajiye saboda wannan dalili. Shawarata ita ce a cire layin, a maye gurbinsa da tambayoyi biyu da kowa yake da amsarsu: me kake yi a yanzu, kuma ta wace fuska za ka iya amfanar ɗan'uwanka idan ya neme ka.

Amma akwai waɗanda ba za su taɓa cike fom ba, kuma su ne suka fi damuna. Bayan Babbar Sallah na je Tudun Wada gaida matar ɗaya daga cikin mamatanmu. Na tarar da ita a tsakar gida tana ƙulla gyaɗa a leda, ta shiga ɗaki ta ɗauko wani fayil da gefensa ya fara cinyewa, ta baje mini takardu a kan tabarma. Shekara biyu da rasuwar mijinta, kuɗinsa na fansho suna nan ba a taɓa su ba. Ita a zatonta tun da sunanta ya rubuta a matsayin makusanciyarsa a takardun aiki, to da ta kai takardar shaidar rasuwa za a biya ta. Ba haka tsarin yake ba. Sunan makusanci wanda za a tuntuɓa ne kawai, ba shi ne magaji ba, kuma masu kula da kuɗin fansho suna neman wasiyya da kotu ta tabbatar, ko takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga sashen gado na babbar kotu. Ba ta ma taɓa jin cewa dokar fansho ta wajabta wa masu ɗaukar aiki su yi wa ma'aikaci inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba, wadda ake biyan iyalin wanda ya rasu yana bakin aiki. Mutumin nan tare muka zauna a ɗakin lacca na Abdullahi Smith muna sauraren muhawara a kan shirin gyaran tattalin arziki na SAP, ajinsa cike da tsofaffin ma'aikatan banki da na ma'aikatar kuɗi, amma an rasa wanda zai zauna da matarsa na awa ɗaya ya karanta mata takardun nan.

Don haka ina ganin kundin ya ƙunshi shafi na musamman ga iyalan kowane mamaci, da izininsu, a rubuta garin da suke da matakin karatun yaran, kuma a gayyaci matan ko mazan mamatanmu zuwa taron a matsayin baƙinmu, a ɗauke musu kuɗin mota.

Darakta Mai Ritaya ya amsa:

Ina gaida Sakatare, ina gaida Hajiya. Maganar iyalan mamata babu ja a kanta, kuma na ɗauki nauyin bin takardun baiwar Allahn nan ta Tudun Wada idan Hajiya za ta haɗa ni da ita. A kan layin muƙami ne na saɓa mata, kuma ina roƙon a saurare ni kafin a ce mai muƙami ne yake kare kansa.

Kundin aji ba littafin tarihi ba ne kawai, abin amfani ne. Idan ɗan wani daga cikinmu ya gama hidimar ƙasa yana neman inda zai kai takardunsa, ko wani yana da mara lafiya yana neman wanda ya san wani a asibitin koyarwa na Shika, kundin nan zai buɗe ya ga wa yake ina. Idan muka goge muƙamai domin kada ran wani ya sosu, waɗanda za su fi yin asara su ne waɗanda muke cewa muna tausayawa, domin masu muƙami sun riga sun san lambar juna. Kuma ban ga laifin mutum ya ambaci ni'imar da Allah ya yi masa bayan wahalar shekara talatin ba. Laifin yana ga yadda ake jera ta. Saboda haka ina ganin a bar layin amma a mai da shi na ganin dama, a jera sunaye bisa tsarin haruffa kamar yadda suke a takardar jarrabawa, ba tare da Alhaji ko Dakta ko Cif a gabansu ba, bayanin wuraren aiki kuma a kai shi shafukan ƙarshe.

Ni kaina ba shekaru ne suka sauke ni ba, ƙa'idar nan ce ta shekara 8 a kan kujerar darakta da aka dawo da ita a 2023, kuma ina shaida muku cewa wayar da a da sai na kashe ta nake samun barci, yanzu sai in wuni ina dubawa ko caji ne ya ƙare. Wanda ya rubuta muƙaminsa a fom ɗin nan da alfahari, ya sani cewa kafin taronmu na shekara 40 kusan dukkanmu kalma ɗaya za mu rubuta a layin.

Tun da labarin ajin bana ritaya ne, bari in bar wa waɗanda ke kan hanya abin da na koya da jikina. Tun ana saura shekara guda mutum ya tabbatar cewa sunansa da ranar haihuwarsa iri ɗaya ne a fayil ɗinsa na ofis, da katin ɗan ƙasa, da lambar BVN, da kuma wurin masu kula da fanshonsa, domin harafi ɗaya tsakanin Muhammad da Mohammed ya isa ya tsayar da biya na watanni. Ya nemo takardar ɗaukarsa aiki ta farko da ta ƙarin girma na ƙarshe, ya yi musu kwafi da yawa. Mu da muka fara aiki kafin dokar fansho ta 2004 kuɗinmu kashi biyu ne: akwai abin da aka riƙa tarawa wata-wata, wanda tun gyaran 2014 ya zama kashi 8 cikin ɗari daga ma'aikaci da kashi 10 daga wurin aikinsa, akwai kuma haƙƙin shekarun da muka yi kafin 2004, wanda gwamnati ce take zuba shi, kuma shi ne yakan ɗauki lokaci. Wannan bayanin ma'aikatan tarayya ne, jihohi kowace da nata tsarin. Ina ba da shawara a ware awa guda a Kongo domin wannan magana, maimakon dogayen jawabai.

Mai Taki ya amsa:

Salamu alaikum. Tun da Sakatare ya raɗa mini suna a bainar jama'a, na karɓa, kuma da shi zan sa hannu. Hajiya, Allah ya saka miki, ya kira ni ya ba ni haƙuri, kuma na ce masa babu komai, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Sai dai ina so in gyara fassarar da ya yi wa dutsen sikeli. Shagona yana bakin hanya ne, iska tana kwashe duk takardar da ba a danne ba, har rasiɗin kamfani haka nake yi masa.

Ba kunyar sana'ata ce ta hana ni cike fom ba. Da shagon nan na aurar da 'ya'ya mata uku, na kai maza biyu jami'a, na sauke farali, kuma abin da na fahimta game da tattalin arzikin ƙasar nan a bakin sikeli ya fi wanda na fahimta a bayan teburin banki. A aji mun koyi yadda karyewar darajar kuɗi take shafar manomi, muka rubuta a takarda aka ba mu maki. A shago kuwa ina ganin mutumin da a da yake ɗaukar buhun NPK da na yuriya, yau yana cewa a auna masa tiya biyar, yana lissafin buhun masara nawa zai sayar kafin ya biya, ga shi bana hatsi ya faɗi amma taki bai sauko ba. Idan ana son a ji wannan a Kongo, ina da abin faɗi na fiye da awa guda.

Abin da ya sa na yi shiru daban ne, kuma zan faɗe shi sau ɗaya ba domin in tayar da tsohon miki ba. A farkon 2006, da aka miƙa mini takardar sallama, na zauna na rubuta sunayen 'yan ajinmu da nake ganin za su iya sa mini baki a wani wuri. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Akwai wanda na wuni a kan benci a ƙofar ofishinsa tun ƙarfe tara har aka tashi, masinja yana ta ce mini yana taro, daga ƙarshe na hango motarsa ta fita ta ƙofar baya. Mutum biyu ne suka tsaya mini, ɗaya ya riga mu gidan gaskiya, ɗayan kuma shi ya ba ni rancen da na fara sayen taki da shi, bai taɓa gaya wa kowa ba, ni ma ba zan tona shi ba. Na daɗe da yafe wa kowa. Amma daga wannan shekara zuwa zuwan Sakatare a makon jiya, ba a samu ɗan ajinmu da ya tako shagona ba, alhali hanyar Zariya zuwa Gusau da Sakkwato ta cikin garinmu ta ratsa, kuma ina ganin hotunanku a wuraren biki da ta'aziyya a can.

Dubi kuma zaurenmu na WhatsApp. Idan aka ba wani muƙami, saƙon taya murna yakan kwana biyu yana zuba har wayata ta cika. Da wani ɗan'uwanmu ya rubuta cewa matarsa tana kwance ana wanke mata ƙoda, amsoshin da ya samu ba su cika tafin hannu ba, kafin la'asar wani ya turo hoton naɗin sarauta maganar ta nutse. Wanda yake ganin haka kullum, idan aka miƙo masa takarda aka ce ya rubuta muƙaminsa, ya san ba da shi ake ba.

Ranka ya daɗe Darakta, na yarda da kai cewa a bar layin ga mai so, ni ma zan so in san wa yake ina saboda ɗana na biyu yana gama hidimar ƙasa a bana. Abin da nake roƙo shi ne kada a kafa babban tebur a wurin taron. Malamanmu kaɗai za a zaunar a gaba, mu kuwa kowa ya zauna inda ya samu, kamar yadda muke rububin kujera a lacca ta ƙarfe takwas cikin hunturun Samaru. Idan an amince da wannan zan zo, kuma zan zo da littafin lissafin nan, domin yana nan a akwati, da sunayen waɗanda suka ara a bangon baya.

Ma'ajin Aji ta amsa:

Salama, 'yan'uwa, gaisuwa daga Kafanchan. Mai Taki, maganarka ta taɓa ni, domin ni ma na wuce ta Funtuwa fiye da sau ɗaya ban tsaya ba. Ka yafe mini. Sunana yana bangon littafin nan, na sani, ba sai ka karanta a gaban jama'a ba.

Zan yi magana a kan kuɗi, tun da shi ne aikina. Kwamiti ya yanka wa kowa adadi guda, ya kuma ƙara da kuɗin anko, kuma na lura cewa waɗanda ba su biya ba kusan su ne waɗanda ba su cike fom ba. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023, kuɗin mota daga Yola ko Makurɗi zuwa Zariya da komawa, da kwana biyu a masauki, ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya yi ritaya yana jiran a fara biyansa. Mu kuma Kirista, Disamba wata ne na hidimar Kirsimeti, kodayake ranar da aka zaɓa ta yi mana daidai tun da ta zo kafin hidimar ta kankama. Shawarata ita ce a soke adadin da aka yanka, kowa ya ba da abin da ya sawwaƙa, a bar anko gaba ɗaya, kuma a ware wani kaso domin kuɗin motar duk wanda ya nema, ni da shi kaɗai za mu sani.

Abu na biyu ya daɗe yana hana ni barci, labarin da Hajiya ta bayar kuma ya ƙara tsorata ni. Duk kuɗin ajin nan a asusuna na kaina suke zaune. Idan Ubangiji ya kira ni gobe, a idon banki da kotu kuɗin nan gadon 'ya'yana ne, kuma sai an sha irin wahalar da matar Tudun Wada take sha kafin a fitar da su. Idan har da gaske muke za mu tallafa wa marayun ajinmu, wajibi ne mu yi rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni a matsayin ƙungiya mai amintattu, bisa dokar kamfanoni ta 2020, domin mu buɗe asusu da sunan aji wanda sai mutum biyu sun sa hannu kuɗi zai fita. Ana buƙatar tsarin mulkin ƙungiya, da rahoton zaman da aka zaɓi amintattu, da sanarwa a jaridu biyu, sannan a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Wannan ba zai kammalu kafin taro ba, amma za mu iya kawo daftarin tsarin mulkin a amince da shi a Kongo, a zaɓi amintattu a wurin, maza da mata, Musulmi da Kirista. Ina da cikakken lissafin abin da ya shigo da abin da ya fita tun daga ranar da aka ba ni riƙo, kuma ina so a naɗa mutum biyu su bincika shi kafin ranar.

Sakataren Aji ya sake rubutawa:

Na gode muku duka, kuma Hajiya, na karɓi gyara. Na tattauna da shugaban kwamiti a daren jiya, ga abin da za mu gabatar wa sauran 'yan kwamiti ranar Lahadi. Za a sake fom ɗin, layin muƙami ya zama na ganin dama, a ƙara tambayoyin nan biyu da Hajiya ta kawo, waɗanda suka riga suka cike kuma ba sai sun sake ba, su amsa sababbin tambayoyin kawai. Sunaye za su zo bisa tsarin haruffa. Babu babban tebur sai na malamai, babu anko, kuma an karɓi shawarar Ma'aji a kan gudummawa da binciken lissafi. Darakta zai jagoranci zaman fansho, Mai Taki kuma an ba shi minti talatin, ba awa guda ba.

Waɗanda ba su amsa waya ba, ba za mu sake tura musu saƙo ba, za mu je ne da ƙafa. Na raba sunayen bisa garuruwa, saboda haka ina neman mutum ɗaya a Kano, ɗaya a Jos, ɗaya a Sakkwato da ɗaya a Yola da zai karɓi na yankinsa. A turo mini lambobin iyalan mamata ta saƙon sirri, kada a sa su a nan.

Sai kuma hoton bangon kundi. Wanda muke da shi shi ne wanda aka ɗauke mu a matakalar ɗakin karatu bayan jarrabawar ƙarshe, amma ruwa ya taɓa gefensa na hagu, don haka duk mai kwafi mai kyau ya taimaka mana da shi. Akwai kuma mutum biyu a layin baya, ɗaya da hula zanna ɗaya babu hula, waɗanda har yanzu mu huɗu mun kasa tuna sunayensu. Zan sa hoton a zaure da yamma, wanda ya gane su ya sanar da ni kafin Lahadi.